Ɗanye da Busasshe: Maƙala kan Ɗaukar Hoton Halitta a Tudun Ƙofa

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya yi wa shekara ƙofofi, bazara ta buɗe wa damina, damina ta miƙa wa kaka, kaka ta sallama wa hunturu, babu wadda ke riga 'yar'uwarta shiga, babu wadda ke ƙin fita idan wa'adinta ya cika. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi sawunsu har ranar sakamako.

Bayan haka, abin da ya sa na ɗauki alƙalami wata ɗabi'a ce da ta yaɗu tsakanin samari da 'yan matan Keffi tun da waya mai kyamara ta shiga aljihun kowa. Da hadari ya haɗo daga gabas, sai ka ga yaro ya ja ya tsaya a bakin lungu a Tudun Ƙofa, ya ɗaga waya sama yana ɗaukar gajimare. Da ciyawa ta rufe Dutsen Maloni, sai ɗaliban Jami'ar Jihar Nasarawa su hau su ɗauko garin daga bisa, kore shar, rufin kwano na ƙyalli a tsakanin itatuwan mangwaro. Wasu dattawa na kiran wannan shiririta, wasu na tambaya ko ma ya halatta. Ni kuwa a ganina ƙofar alheri ce aka buɗe, sai dai rabi aka buɗe ta, kuma a kan rabin da ya rage nake son yin magana.

Mu fara sallamar masu tambayar hukunci, don zance ya tafi ba tare da ƙaiƙayi a zuciya ba. Saɓanin malamai a kan sura ya ta'allaƙa ne ga abin da ke da rai. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wani mai sana'ar zane ya zo wa Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da su, yana neman fatawa. Ɗan Abbas ya tsoratar da shi game da surar mai rai, sannan ya nuna masa mafita, ya ce in ba makawa ya koma ga itatuwa da duk abin da ba shi da rai. A kan haka jama'ar malamai suka tafi. Mujahid kaɗai aka ruwaito ya ƙi surar itace mai 'ya'ya, kuma Alƙali Iyal, mai littafin Ashafa da muke saurara a masallatanmu, ya ambata cewa babu wanda ya faɗi haka in ba shi ba. A mazhabarmu ta Malikiyya ma, abin da aka haramta kai tsaye shi ne gunki mai jiki, mai inuwa, cikakken halitta. Da na'urar hoto ta zo, Muftin Masar Shaihu Muhammad Bahit al-Muɗi'i, wanda ya rasu a 1935, ya rubuta risala yana cewa wannan aiki tsare inuwa ne kawai, irin yadda madubi ke nuna ta, ba ƙagen halitta ba. Wasu manya irin su Shaihu Bin Baz da Shaihu Albani sun tsananta a kan hoton mutum da dabba sai da lalura. Amma hoton rimi da rafi da katanga da gajimare, wannan fili ne da kowa ya yarda a shiga.

Abin sha'awa kuma, ilmin da ya haifi na'urar ba baƙo ba ne a gidan Musulmi. Hasan ɗan Haisam, mutumin Basra da ya rasu a Alƙahira wajen 1040, shi ya kafa hujja a Kitabul Manazir cewa haske ne ke tahowa daga abu zuwa ido, ba ido ke harba haske ba. Ya kuma yi bayanin ɗaki mai duhu da ƙaramar huda, yadda surar abin da ke waje ke faɗowa a bango a kife. Duk wanda ya taɓa kwanciyar rana a ɗaki mai tsohon kwano ya ga wannan da idonsa ko bai san sunansa ba. Hudar ƙusa a rufi ba lallai ta zama zagayayya ba, amma ɗigon hasken da ke sauka a daɓe kullum zagayayye ne, domin surar rana ce da kanta. Shi ya sa idan aka yi husufi, irin na 29 ga Maris 2006 da ya ratsa Nijeriya, waɗannan ɗige-ɗige kan koma siffar jinjirin wata. Sai wajen 1826 wani Bafaranshe mai suna Niyeps ya iya riƙe wannan sura a kan farantin ƙarfe, kuma abin da ya ɗauka ba fuskar sarki ba ce, rufin gine-gine ne da ya hango ta tagarsa.

To, ka sani ya kai ɗan'uwa, Alƙur'ani ya umarce mu da dubi, kuma bai taɓa tsayar da dubin a kan kore kaɗai ba. A Suratur Rum, aya ta 50, an kira mu mu kalli alamun rahama a ƙasar da aka rayar bayan ta mutu. Wannan shi ne hoton ruwan farko, kuma samarinmu sun iya shi. Amma je ka Suratul Kahfi aya ta 45, da Zumar aya ta 21, da Hadid aya ta 20, da Yunus aya ta 24. Duk inda aka buga misalin rayuwar duniya da tsiro, ba a barin labarin a tsakiya. Ana bin shukar daga saukar ruwa zuwa cikar kyanta, daga nan zuwa fatsi-fatsin da ke shigarta, har ta zama karmami iska na wasa da shi. Ko Suratul A'ala da limamai ke yawan karantawa a Juma'a da Idi, a ayoyi biyu a jere ta fitar da makiyaya ta kuma mayar da ita baƙin yayi. Darasin yana cikin tafiyar ne daga wannan hali zuwa wancan. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, da ya zo rufe Ihya'u, littafin tafakkuri ya sa na 39, littafin tuna mutuwa ya sa na 40, ɗaya na jingine da ɗaya, kuma ba na zaton haɗari ne ya jera su haka.

Matsalar hoto guda ita ce shaida ne da ya halarci rabin magana. Bai yi ƙarya ba, amma alƙali ba zai yanke hukunci da shi ba. Bincika wayar kowane saurayi a Tudun Ƙofa, za ka tarar da Yuli da Agusta sun cika ta, Fabrairu kuwa da ƙyar ka same shi. Wanda ya san Keffi ta hotunan nan kaɗai zai ɗauka gari ne da ganye ba ya kaɗewa a cikinsa. Su kansu wayoyin sun koyi son zuciyarmu. Manhajar da ke cikinsu tana ƙara wa kore kauri, tana wanke sama ta mayar da ita shuɗiya fiye da yadda Allah Ya nuna ta a ranar, sannan mai waya ya zo ya ƙara nasa kwalliyar kafin ya ɗora a Facebook ya rubuta cewa ga Keffi yau. Ban ce haramun ba ne. Na dai ce mai ba da labari idan ya yi ƙari, ko da na ado ne, ya rage wa maganarsa nauyi.

Alhali watannin da ake gudu sun fi wadatar abin gani ga mai haƙuri. Ɗauki hunturu. Daga Nuwamba iskar arewa maso gabas ke sauko mana da ƙura, kuma kaso mai yawa na wannan ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi take tasowa, wurin da a dā ƙasan wani makeken tafki ne. Cikin farin garin da ke kwanta wa ganyen mangwaro a tsakar gidanku har da ragowar ƙananan halittun ruwa da suka mutu tun kafin a san za a yi wani gari wai shi Keffi, wanda Abdu Zanga ya kafa wajen 1802. Tafki ya ƙafe, iska ta kwashe shi, ya zo ya sauka a kan ganye da gashin ido da allon almajiri. A irin wannan safiya rana kan fito fara fat, ba kaifi, inuwa ta yi laushi, dutsen da kullum kake gani daga ƙofar gida ya ɓace kamar ba a taɓa ajiye shi a wurin ba. Masu sana'ar hoto suna kashe kuɗi don su sami haske mai taushi irin wannan, mu kuwa ana aiko mana shi kyauta muna rufe taga.

Kuma a tsakiyar wannan fari da bushewa ne mangwaro ke fure. Wannan abu ya isa a tsaya a kansa. Lokacin da gamba ta bushe aka yanke ta don zana, aka cinna wa daji wuta ya yi baƙi ƙirin, fatar ƙafa ta tsage, leɓe ya fashe, a lokacin ne itacen ke cika da fure har ƙudan zuma su dame shi. Rimi ya zubar da ganye ya tsaya tsirara, sai ga 'ya'ya sun rataya, su bushe su tsage, auduga ta tashi tana bin iska unguwa-unguwa. Ɗorawa ta sako jajayen furanninta masu kama da tuntu, jemagu su sha da dare, daga nan a sami garin ɗorawa da kalwa da daddawar miya. Ba a ga ɗigon ruwa ba tun Oktoba, amma ana ta shirin ciyar da gari. Wanda bai ɗauki hoton Janairu ba, bai san daga inda mangwaron Afrilu ya fito ba.

Bi mangwaron nan guda har ƙarshensa. Ya nuna ya faɗo da dare a bayan katanga, ya fashe ta gefe ɗaya. Da hantsi ƙudaje sun same shi, kafin azahar tururuwa sun ja layi. Kwana kaɗan fatar ta yi baƙi ta motse, wari ya tashi, akuya ta zo ta ɗauki rabonta, ƙwallon ya rage fari da zare-zare, aka share shi da tsintsiya zuwa bola. Nan ido ke ɗauke kai, domin mun saba cewa abin da ya ruɓe ya fita daga sahun abin kallo. Amma koma bolar nan bayan ruwa ya zauna. Ƙwallon ya tsage, wani ɗan tsiro ya ɗago da ganye biyu ko uku, jajaye masu taushi, suna reto kamar an jiƙa su da mai, kafin su yi ƙwari su koma kore. Hujjar da Alƙur'ani ya yi ta kafa wa masu musun tashin ƙiyama ke nan, tana tsaye a kan juji a bayan gidanku, tsakanin tokar murhu da fasasshen kasko. Suratul An'am, aya ta 59, ta sanar da mu cewa faɗuwar ganye guda ba ta kuɓuce wa sanin Ubangiji ba, kuma ɗanye da busasshe duk a rubuce suke. Abin da aka ga ya cancanci rubutu a can, ban ga dalilin da zai sa mu raina shi a nan ba.

Haka katangar ƙasa. Tsofaffin unguwannin Keffi suna canza fata a idonmu, bulo da siminti suna cin tubali, kuma ruwan nan ya fi na Kano da Katsina yawa, don haka ginin ƙasa ba ya jure sakaci. Katangar da aka daina yi wa yaɓe tana da nata kalandar. A marka gindinta ya jiƙe ya yi duhu, gansakuka ta hau shi, ruwa ya tsaga mata hanyoyi daga sama zuwa ƙasa har ƙwayoyin tubali su fito fili, a ga hannun maginin da ya mulmula su, wani lokaci har da sawun yatsunsa. Da kaka ciyawar da ta tsiro a kanta ta yi rawaya. Da rani gara ta yi mata jijiyoyi, ƙadangare ya sami gida a tsagar. Wata damina kuma sai a ji rugum cikin dare. Ƙasa ce aka ara daga kududdufi, ta yi wa zuri'a sutura shekaru, ta koma inda aka ɗebo ta, kuma babu ɗan Adam da zai kalli wannan da hankali bai tuna asalinsa da makomarsa ba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

A nan hoto yana da wani amfani da ya wuce wa'azi. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, yau an kewaye abin da ya rage na ainihinsa da ginin zamani. Awo da zane da hotunan da wani masanin gini ɗan ƙasar Folan mai suna Dmochowski ya tara tare da ma'aikatansa 'yan Nijeriya, su suka sa aka iya sake gina kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos. Keffi da ta yi zamani tana bin Zazzau ita ma tana da zaurukanta da sauran tsofaffin katangunta, kuma kowace damina tana tafiya da wani abu daga ciki. Jikokinmu za su tambaya yaya lungun kakanninsu yake. Yaron da ke ɗaukar gajimare, da zai sauke wayar kaɗan ya ɗauki zauren da ke gabansa, da ya yi musu hidimar da ba su san za su buƙata ba.

Sai dai dole a rarrabe lalacewa biyu, don kada shaiɗan ya shigo ta ƙofar tafakkuri. Akwai wadda sunnar Allah ce a halittarSa, ganye ya bushe, 'ya'yan itace su ruɓe, ƙasa ta koma ƙasa. Wannan ana kallonta a yi tasbihi. Akwai kuma wadda hannun mutane ya jawo, kuma Suratur Rum ɗin nan, a aya ta 41, ta ba ta suna ɓarna. Ledar ruwa da robobin da ke toshe magudanai su taru a rafin Antau, har ruwa ya rasa hanya ya shiga gidajen mutane, ba juyin yanayi ba ne. Kututturen kaɗanya da aka sare aka mayar gawayi, aka jera buhunansa a bakin titi ana jiran motocin Abuja, ba kaka ce ta zubar da shi ba. Leda ba ta ruɓewa ta ciyar da tsiro kamar ƙwallon mangwaro, haka za ta zauna shekara da shekaru. Wanda ya ɗauki hoton wannan ya gyara masa launi ya rubuta cewa duniya ba wurin zama ba ce, ya yi wa'azi a inda ya kamata ya yi shara. Irin wannan hoto wurinsa gaban mai unguwa ne da kansila da liman, a nuna musu da kwanan wata, a tambaya ranar da za a fito gayya.

Sannan akwai ladabi, kuma a nan na fi jin tsoro. Katangar da ta faɗi a marka, ga mai hoto abin sha'awa ce, ga mai gida kuwa bashi ne da rashin barci. Bayanta akwai tsakar gida, da matan aure, da shanya, da tukunyar da ba a so maƙwabci ya san abin da ke cikinta. Shari'ar da ta hana shiga gida sai da sallama, ta kuma hana leƙe da bin diddigi, ba ta faɗi tare da katangar ba. Idon waya ido ne, har ya fi ido sharri, don shi yana ajiyewa yana kuma rabawa. Ka nemi izini. In an ce a'a, ka mayar da wayar aljihu. In kuwa kana da ƙarfi, ka tambayi ranar da za a kwaɓa ƙasa.

Ga abin da nake ba ƙannena shawara. Zaɓi abu guda da kake wucewa kullum a hanyar masallaci ko kasuwa, itace ne ko kusurwar katanga ko wata gaɓa ta rafi. Tsaya a wuri guda, ka ɗauke shi sau ɗaya a wata, ko ya yi kyau ko bai yi ba, kada ka taɓa launinsa. Rubuta kwanan wata biyu, na Hijira da na Miladiyya. In shekara ta zagayo ka kai a wanke maka su a takarda, domin waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, tana mutuwa da duk abin da ke cikinta. Jera su goma sha biyu a tabarma ka kira yaran gida. Ba sai ka yi dogon bayani ba.

Amfanin kwanan wata biyun zai bayyana ne ga wanda Allah Ya ja kwanansa. Shekarar wata ta gaza ta rana da kwana 11 ko kusa da haka, shi ya sa azumi ke zagaya yanayi duka cikin kimanin shekara 33. Azumin 2000 cikin hunturu aka yi shi, na 2010 a tsakiyar marka, na 2024 kuwa a zafin bazara, lokacin da mangwaro ke nuna ana kallonsa ba halin sha sai an kira magariba. Wanda ya dage yana ɗaukar itace guda kowace ranar Ƙaramar Salla, zai ga itacen ya yi Salla da ƙura, ya yi da fure, ya yi da 'ya'ya, ya yi da ruwa na ɗiga, kafin lissafi ya dawo inda ya fara. Wanda ya soma yana ɗan ashirin zai rufe zagayen da furfura, in an ba shi aron ran.

Saura batun lokaci. Masu hoto sun san hasken tsakar rana ba ya yi wa komai adalci, yana daskarar da launi, yana tara inuwa a ƙarƙashin abu. A Keffi ma sau biyu a shekara, wajen tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta, rana kan tsaya daidai bisa kai har inuwar zawali ta kusa ɓacewa, abin da malamanmu masu auna inuwa da tafin ƙafa don sanin azahar da la'asar suka daɗe da lura da shi. Hasken da ake nema shi ne na bayan fitowar rana da na gab da faɗuwarta, wato dai lokutan nan biyu da aka kwaɗaitar da mu zikirin safiya da maraice. Na safe ba shi da matsala, ka idar da asuba da wuridinka ka fita. Na yamma shi ne mai tarko, domin sama ta fi yin ja bayan rana ta faɗi, daidai lokacin da ladan ke kira, kuma a mashhurin mazhabar Malik zaɓaɓɓen lokacin magariba gajere ne, gwargwadon abin da zai ishi mutum ya yi tsarki ya suturta jiki ya yi sallar. Daga kan Dutsen Maloni zuwa sahu kuwa akwai 'yar tafiya. Wanda ya yi niyyar hawa don hoton faɗuwar rana, ya hau da alwalarsa da dardumarsa, ya kuma ja abokin da za su yi jam'i.